Yadda Ake Zaɓar Wufa da Akwatinta Don Samun Bes Mai Kyau a Mota

Tambayar da masu son sauti a mota suka fi yi ita ce, "Wufa mai wat nawa zan saya?" Daga wannan tambayar ake fara asarar kuɗi. Mutum zai sayo wadda aka rubuta 2000W a kwalinta, ya kai wa kafinta ya ƙwanƙwasa masa akwati da ido, a jona da wayar da aka samu, daga baya ya zo yana cewa but sai karkarwa yake yi amma bes ba ya shigowa cikin mota. Wufa kamar fatar ganga ce: komai kyan fatar, icen da aka ɗaura ta a kai shi ne ke ba ta murya. Saboda haka ga yadda aikin ke tafiya bi da bi, kuma sayen wufar ba shi ne na farko ba.

1. Fara da auna but

Ɗauki tef ɗin awo ka auna faɗin but tsakanin tudun tayoyin baya biyu, da tsayinsa daga ƙasa zuwa sama, da zurfin da ka yarda ka sadaukar. Ka auna bakin but ɗin shi ma. Akwai motoci, musamman salun irin su Corolla da Civic, da cikin but ke da faɗi amma bakinsa matsattse ne, sai a gama akwati ya ƙi shiga.

Ka tuna da safaya taya. Idan akwati ya zauna a kan murfinta, ranar da ka yi faci tsakanin Katsina da Daura sai ka kwance wayoyi a bakin titi kafin ka ciro ta. Wanda ya sa tukunyar gas ta CNG a but, ko mai Golf wagon da ke lodin kaya kullum, gara ya tsaya a kan ƙaramar wufa mai inci 8 da ake turawa ƙarƙashin kujera, wadda ke zuwa da amfilifayarta a ciki. Ba za ta girgiza unguwa ba, amma tana cike sauti yadda ya kamata.

2. Duba ƙarfin wutar motar

Tayar da injin, ka sa mita a kan batir. Lafiyayyar altaneta tana ba da bolt 13.8 zuwa 14.4. Kunna fitilu da na'urar sanyi ka sake dubawa. In ya sauka ƙasa da 13, gyara caji tukuna, maganar wufa ta jira.

Altanetar ƙananan motoci yawanci tsakanin amf 70 ne zuwa 100, kuma motar kanta tana cin kaso mai tsoka daga ciki. Amfilifaya mai wat 500 na gaskiya tana iya jan kusan amf 45 idan aka ƙure ta. Shi ya sa ga motar da ba a canza mata altaneta ba, wat 300 zuwa 500 shi ne daidai. Ƙara batir na biyu ko kafasita ba ya ƙara wuta, ajiya kawai yake yi. Altaneta ce dai za ta cika shi.

3. Zaɓi irin akwatin kafin wufar

Iri biyu ne suka kamata ka yi tunani a kai.

Rufaffen akwati ba shi da kafa ko ɗaya. Iskar da ke ciki ita ke riƙe takardar wufa, wato fuskarta da ke motsi gaba da baya, sai bes ya fito a dunƙule, kowane bugu a rarrabe. Ƙarami ne, haɗa shi ba wuya, kuma ko kafinta ya ɗan kauce a awo ba ya lalata sautin. Cikin mota da kansa yana ƙara wa ƙasan sauti ƙarfi saboda ƙanƙantar wurin, don haka rufaffen akwati yana sauka ƙasa sosai a mota fiye da yadda zai yi a fili. Mai sauraren waƙoƙin gargajiya da kalangu da ganga, ko mai son jin kiɗa tsaf a doguwar tafiya, wannan ne nasa.

Akwati mai bututu kuwa yana da kafar da iska ke shige da fice. Ana yanka bututun a kan wani awo domin iskar cikinsa ta yi amo a wani matakin sauti, yawanci Hz 32 zuwa 38. A wannan yankin ya fi rufaffe ƙara nesa ba kusa ba, da wutar amfilifaya iri ɗaya. Farashin hakan shi ne girma, domin yana kusan ninka rufaffe, sannan ba ya yafe kuskure. Bututun da aka yanka da ka, ba lissafi, shi ne ke kawo irin bes ɗin nan mai gunji ɗaya, kowace waƙa "buuu" iri guda.

In wannan ne karonka na farko, yi rufaffe. Akwai kuma nau'i na uku da wufar ke ɓoye gaba ɗaya a ciki, ana leƙenta ta gilashi. Yana da kyan gani, amma lissafinsa na ƙwararru ne, kuma wufa tana iya ƙonewa a ciki ba ka ji alama ba.

4. Sayen wufar kanta

Girma: inci 10 ko 12 ya ishi kusan kowace mota. Inci 15 tana son babban akwati, sai dai irin su Sienna da manyan jif. Wufa ɗaya a akwatin da ya dace ta fi biyu da aka cusa a matsattsen wuri.

Wat: manta da babbar lambar da ke gaban kwali mai MAX ko PEAK ko PMPO. Nemi inda aka rubuta RMS, a bayan kwali ko cikin takardar bayani. Wannan ne ƙarfin da wufar ke iya ɗauka a kai a kai. Ba abin mamaki ba ne ka ga mai 1400W a gaba, RMS ɗinta 400 ne ko ƙasa. Wadda ba a rubuta RMS ɗinta ko'ina ba, ajiye ta.

Takardar bayani: kamfanoni irin su Pioneer, Kenwood, JBL, Alpine, Kicker da Rockford Fosgate suna rubuta girman akwatin da kowace wufa ke so, rufaffe da mai bututu. Wannan lambar ta fi duk shawarar da za a ba ka a kasuwa. In babu takarda, saka lambar samfurin a intanet. Idan ka ga wata lamba mai suna Qts a cikin bayanan, wadda ke ƙasa da 0.4 ta fi dacewa da bututu, wadda ta haura 0.5 kuma ta fi son rufaffe.

Gefen takardar wufa: zaɓi mai zagayen roba. Mai zagayen soso tana rugujewa bayan 'yan shekaru, balle a but ɗin da ke wuni a rana daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40.

Jabu sun cika kasuwa da sunayen manyan kamfanoni, don haka a gwada a gabanka, sabuwa ce ko 'yar Kwatano:

- Sa yatsu kewaye da tsakiyar takardar ka danna a hankali, daidai wa daida. In ka ji gogayya ko ƙaras-ƙaras, koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa takardar, ya taɓa ƙonewa ko ya karkace.
- Shinshina bayanta. Warin ƙuna ba ya ɓuya.
- Sa mita a kan om, wato awon turjiyar wuta. Koyil mai om 4 yana nuna wajen 3.2 zuwa 3.8, wannan daidai ne. In mita ba ta motsa ba, koyil ya tsinke.
- Taɓa ƙaramin batir mai bolt 1.5 a kan tashoshinta, wato inda ake jona waya. Idan + ya hau +, takardar za ta turo waje.

Kada girman maganaɗisu ya ruɗe ka. A jabu da yawa, murfin roba ne babba, abin da ke ciki ɗan mitsitsi.

5. Daidaita om da amfilifaya

A nan ne amfilifaya ke mutuwa. Kowace amfilifaya tana da mafi ƙarancin om da take jurewa, kuma wat ɗinta yana canzawa da om. Wadda ke ba da 500 a om 2 za ta ba da wajen 300 ne a om 4.

Wufa mai koyil ɗaya tana da tasha biyu, om ɗinta ba ya canzawa. Mai koyil biyu tana da tasha huɗu, kuma yadda aka jona su ne ke fitar da om. Idan aka haɗa + da +, - da -, om yana rabuwa biyu. Idan aka yi jerin sarƙa, wato - na koyil na farko ya shiga + na biyu, om yana ninkawa. Ke nan mai koyil biyu na om 4 tana ba da 2 ko 8, mai koyil biyu na om 2 tana ba da 1 ko 4. Wufa biyu masu koyil ɗaya na om 4, in aka haɗa + da +, sun zama om 2.

Nemi amfilifaya mai tasha ɗaya, wato mafitar sauti ɗaya, wadda aka rubuta wa MONO da CLASS D, domin ba ta zafi sosai kuma ba ta ɓarnar wuta. RMS ɗinta a om ɗin da za ka jona ya yi daidai da RMS ɗin wufa, ko ya ɗan ɗara kaɗan. Akwai dabarar gane ƙarya: dubi fis ɗin da ke jikinta, ka ninka amf ɗinsa sau goma. Mai fis ɗaya na amf 30 ba za ta wuce wajen wat 300 ba, ko da an rubuta 3000 da ruwan zinare.

Gargaɗi: amfilifaya mai tasha biyu ko huɗu da aka haɗe tashoshinta biyu su zama ɗaya, galibi om 4 take ɗauka. Ka ba ta om 2, za ta yi ta zafi tana ɗaukewa har ta ƙone. Kuma kada a jona koyil ɗaya a bar ɗaya a wufa mai koyil biyu.

6. Lissafin akwati

Girman da ake magana na ciki ne, ba na waje ba. Auna tsawo da faɗi da zurfi na ciki da santimita, ninka su, ka raba da 1000, ka sami lita. Takardun waje suna rubutawa da kubik fit (ft³), kowace ɗaya lita 28.3 ce.

In babu takardar kamfani, wannan awon yana aiki ga yawancin wufofi: inci 10 tana son lita 18 zuwa 28 a rufaffe, 30 zuwa 42 a mai bututu, inci 12 tana son lita 28 zuwa 35 a rufaffe, 50 zuwa 65 a mai bututu.

Misalin rufaffe na inci 12: ciki ya zama 35 × 35 × 30, lita 36.7 ke nan. Jikin wufar da maganaɗisunta za su cinye wajen lita 3, saura kusan 34. Da katako mai kaurin milimita 18, sai ka ƙara santimita 3.6 a kowane awo ka sami na waje: 38.6 × 38.6 × 33.6. Rubuta wa kafinta duka biyun a takarda, ka ja layi a ƙarƙashin wanda yake na ciki. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba shi awon ciki ya yanka shi a matsayin na waje, akwati ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na cikinsa.

Misalin mai bututu na inci 12: ciki 60 × 35 × 30, lita 63. Cire wufa da bututu da katakon tokari, saura wajen lita 57. Bututun ruwa na roba mai faɗin inci 4, tsawon santimita 28, zai sa shi amo a wajen Hz 35. Ka gajarta bututun, amon ya hau sama, bes ya koma gunji; ka tsawaita shi, amon ya sauka. Bakin bututun na ciki yana buƙatar fili aƙalla santimita 10 tsakaninsa da bango, don haka a wannan akwatin ba zai shiga ta gaba ba. A sa shi ta gefe ya bi tsawon akwatin ta kusurwa, wufar kuma a matsar da ita ɗaya ɓangaren. Kada a yi amfani da bututun inci 2 don ya fi sauƙin shiga: iska za ta riƙa fito a ciki. A goge bakinsa biyu da samfefa su yi santsi.

7. A wurin kafinta

Katakon MDF mai milimita 18 shi ne aka fi amfani da shi, ko filawud mai kyau mai kauri ɗaya. Falle ɗaya mai ƙafa 4 da 8 ya fi ƙarfin akwati guda, saboda haka tambayi kafinta ko yana da rabi. Guji katakon garin zarto da filawud sirara na silin. Bangon da ke lanƙwasa yana shanye bes ɗin da ya kamata ya iso kunnenka.

MDF ɗin da aka fi samu a wurin masu kayan ɗaki yana da leda mai sheƙi a fuskarsa, kuma gam ba ya kama ta. A kankare ledar a duk inda katako zai haɗu da katako. A shafa farin gam na katako a kowace gaɓa, a huda ƙaramin rami kafin a ɗaura sukuru don kada MDF ya tsage, sukuru ɗaya duk santimita 10 zuwa 15. Ƙusa ita kaɗai ba ta isa ba, girgiza za ta zare ta. Bangon da ya kai santimita 60 a tokare shi da katako daga ciki.

Bayan an haɗa, a bi duk kusurwoyin ciki da silikon, har da ramin da waya ta fito. A bar shi ya bushe awa 24 kafin a ɗaura wufa, domin tururin silikon yana cin gam da zagayen takarda. Ramin wufar kuma a auna shi daga jikinta, kada a yanka inci 12 cif. Yawancinsu wajen inci 11 suke so.

Gwajin rufaffe: danna takardar a hankali ka saki. In ta dawo sannu-sannu, akwati ya rufu. In ta dawo nan take ko ka ji huci, akwai kafa.

MDF ba ya shiri da ruwa. In robar murfin but ɗinka tana yoyo, gyara ta kafin damina, ka kuma ja kunnen masu wankin mota. Wanda ke ɗaukar buhuna ko jarkoki ya sa wa wufar raga ta ƙarfe.

8. Wayarin

Cire kan batir na - kafin a taɓa komai. Wasu rediyoyin asali, musamman na tsofaffin Honda, suna neman lambar sirri bayan an cire batir, ka tabbata kana da ita.

Har zuwa wat 500, waya lamba 8 ta jan ƙarfe zalla ta isa, da fis na amf 50. Daga nan zuwa 1000, lamba 4, wadda ta fi kauri, da fis na amf 100. Akwai waya mai arha da aka rubuta wa CCA, alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe, kuma abin da take ɗauka bai wuce kashi biyu cikin uku na ta gaskiya ba. Kankare silin ɗaya da reza: in cikinsa fari ne, ita ce. Ka dubi kaurin ƙarfen, ba kaurin robar ba.

Fis ya zauna kusa da batir, kada ya wuce santimita 45. Ba amfilifaya yake karewa ba, motar yake karewa daga gobara idan waya ta goge da ƙarfe. Kada ka yarda mai wayarin ya naɗa siririyar waya a madadin fis. Inda wayar ta ratsa ƙarfen da ke raba injin da cikin mota, a bi ta cikin roba.

Wayar at, wadda ke zuwa jikin mota, kaurinta ɗaya da ta wuta, gajeriya ƙasa da santimita 45, a kan ƙarfen da aka kankare fentinsa, a ɗaure da noti tamau. Wayar RCA, mai kawo sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, ta bi gefe ɗaya na motar, ta wuta ta bi ɗaya gefen. Siririyar wayar REM, mai kunna amfilifaya, tana zuwa shuɗiya mai farin layi a bayan rediyo. In aka jona ta kai tsaye da batir, amfilifaya ba za ta mutu ba ko an kashe mota, da safe sai turi. Rediyon da ba shi da kafar RCA, a nemi amfilifaya mai karɓar wayar lasifika kai tsaye, ko a sayi ɗan akwatin da ke rage siginar.

Kada a ɗaura amfilifaya a jikin akwati, girgiza tana karya dalmar cikinta, kuma kada a rufe ta da kafet. Bayan kujerar baya ya fi. Shi ma akwatin a kafe shi da ƙarfen kusurwa ko bel, amma a leƙa ƙarƙashin mota kafin a huda ko'ina, saboda tankin mai da bututun birki. A salun, fara da juya fuskar wufa tana kallon baya, da tazarar kamar tafin hannu daga ƙarshen but, ka buɗe kafar madogarar hannu ta kujerar baya in akwai.

9. Saiti

GAIN ba maɓallin ƙara ba ne, na daidaita siginar rediyo da amfilifaya ne. Murɗa shi ƙarshe shi ne ke ƙona koyil, ko da amfilifayar ƙarama ce.

Cire wayar wufa daga amfilifaya. Mayar da bes na rediyo sifili, kashe LOUD da BASS BOOST, kai ƙarar rediyo kashi uku cikin huɗu. Kunna sautin gwaji na Hz 50, ana samunsa a intanet. Sa mita a kan bolt na AC a mafitar amfilifaya. Ninka wat da om, ka nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan: wat 500 a om 2 bolt 31.6 ne, wat 300 a om 2 bolt 24.5, wat 300 a om 4 bolt 34.6. Yi lissafin da wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin RMS ɗin wufa da na amfilifaya. Ɗaga GAIN sannu har mita ta kai lambar, ka tsaya, kuma daga ranar kada ƙarar rediyo ta wuce inda aka yi saitin.

LPF, maɓallin da ke barin ƙasan sauti kaɗai ya isa wufa, a sa shi a Hz 80. In kana jin muryar mawaƙi daga but, ya yi sama. Mai bututu dole a kunna masa SUBSONIC, mai yanke sautin da ya yi ƙasa sosai, a wajen Hz 28 zuwa 30, domin ƙasa da amon bututu ba abin da ke riƙe takardar, sai ta yi ta bugawa har ta yage. Sannan ka zauna a kujerar direba, wani ya sauya maɓallin PHASE na amfilifaya tsakanin 0 da 180, a bar shi inda bes ya fi cika. Ka sa a fito maka da ɗan maɓallin rage bes kusa da sitiyari in amfilifayar tana da shi. Za ka buƙace shi a kusa da masallaci da asibiti da maƙabarta, da cikin lunguna da daddare.

10. Kuɗi, da abin da ke biyo baya

Farashin waɗannan kaya yana bin dala, don haka tambayi shago biyu ko uku a Katsina, ka kwatanta da na Sabon Gari a Kano, ka haɗa da kuɗin mota kafin ka ce can ya fi arha. Raba kuɗinka haka: kashi 35 wufa, 35 amfilifaya, 15 waya da fis, 15 katako da ladan kafinta da mai wayarin. In kuɗin bai kai ba, rage girman wufa da amfilifaya tare, kada ka rage daga waya. Ka kuma yi ciniki a kan za a iya mayar da kaya in an jona ba su yi ba.

Fitilu suna lumshewa da bugun bes: duba at da kan batir tukuna, sannan altaneta. Kukan da ke hawa da sauka da totur: at bai kama ba, ko RCA ta kwanta kusa da wayar wuta. Amfilifaya tana ɗaukewa da rana tsaka ta dawo in ta huce: iska ba ta isa ba, ko om ya yi ƙasa da abin da take ɗauka. Wufa biyu amma bes ya fi na ɗaya rauni: an juya + da - a guda, suna kashe juna. Karkarwa daga baya kuwa yawanci lambar mota ce ko murfin but, a liƙa soso ko robar tsohon tub a bayan lambar a ƙara ɗaure notinta. Da lokacin hunturu a riƙa busa ƙurar da ke taruwa a jikin amfilifaya duk bayan 'yan makonni, kuma a sake matse sukurorin wufa bayan sati biyu na farko, domin kafet ɗin akwatin da ke ƙarƙashin bakinta yana lotsawa ya bar kafar iska.